Wa zai ɗauki alhakin abin da ake wallafawa a intanet?

A watan Oktoban 1994, wani mutum da bai bayyana sunansa ba ya shiga zauren tattaunawa kan harkokin kuɗi na kamfanin intanet na Prodigy a Amurka, ya rubuta cewa kamfanin dillancin hannayen jari na Stratton Oakmont da shugabansa ƴan damfara ne. Stratton Oakmont ya garzaya kotu yana neman diyyar dala miliyan 200, kuma Prodigy ya saka a gaba, tun da a shafinsa maganar ta fito.

A watan Mayun 1995 wata kotu a jihar New York ta yanke cewa za a iya kama Prodigy da laifin ɓata suna, kamar yadda ake kama jarida da abin da ta buga. Hujjar alƙalin ita ce kamfanin ya shimfiɗa ƙa'idojin rubutu, ya naɗa masu lura da zaurukansa, kuma yana goge kalaman batsa domin iyalai su saki jiki da shi. Tun da yana zaɓar abin da zai bari da wanda zai cire, in ji kotun, ya zama edita. Shekara huɗu kafin nan, wata kotun ta wanke abokin hamayyarsa CompuServe a irin wannan ƙara, saboda shi ba ya duba komai. An kwatanta shi da mai sayar da jaridu a bakin titi, wanda ba a tsammanin ya karanta duk abin da ke kan teburinsa.

Idan aka haɗa hukuncin biyu, darasin da kamfanoni za su ɗauka a fili yake: wanda ya share gidansa shi zai sha hukunci, wanda ya bar shara ta taru ya tsira. (Daga baya ta tabbata cewa mai rubutun bai yi ƙarya ba. An rufe Stratton Oakmont a ƙarshen 1996, jagororinsa suka sha ɗauri, kuma labarinsu ne ya zama fim ɗin da Leonardo DiCaprio ya fito a ciki a 2013.)

Daga wannan ƙaramar shari'a ce tambayar da har yau ke raba kan majalisu da kotunan duniya ta samo asali. Idan wani ya rubuta ƙage, ko ya tunzura jama'a, ko ya yaudari yaro a shafin da ba nasa ba, wa za a kama? Duk sauran gardamar da ake yi kan sa wa intanet linzami, daga rufe Twitter a Najeriya zuwa tantance shekarun masu shiga shafuka a Birtaniya, rassa ne na wannan tambaya.

Kalmomi 26

Ƴan majalisar wakilan Amurka biyu, Chris Cox na jam'iyyar Republican da Ron Wyden na Democrat, su ne suka ga haɗarin hukuncin Prodigy, suka rubuta gyara. Gyaran ya shiga cikin babbar dokar sadarwa da Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu ranar 8 ga Fabrairun 1996, kuma shi ake kira Sashe na 230. Jimlar da ta fi muhimmanci a cikinsa kalmomi 26 ce kacal a Turance.

Sashen ya tanadi abu biyu. Na farko, ba za a ɗauki mai shafi a matsayin wanda ya wallafa ko ya furta abin da wani ya rubuta a shafinsa ba. Na biyu, idan mai shafi ya cire abin da yake ganin bai dace ba da kyakkyawar niyya, ba za a kai shi ƙara a kan haka ba. Wato an ba shi garkuwa idan ya bari, an kuma ba shi garkuwa idan ya goge. Wanda ya yi rubutun da hannunsa kuwa, alhakinsa na nan a wuyansa. Kariyar ba ta shafi laifuffukan da dokar tarayya ta haramta ba, haka nan ba ta shafi satar fasaha ba.

Abin mamaki, ba wannan sashe ne ya ɗauki hankalin jama'a a 1996 ba. Hayaniyar duk a kan wasu sassan dokar ce da suka haramta yaɗa batsa inda yara za su iya gani. A ranar da aka sanya hannu, marubuci John Perry Barlow ya fitar da wata sanarwa daga Davos ta ƙasar Switzerland, yana shaida wa gwamnatocin duniya cewa ba su da iko a wannan sabuwar duniyar. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙolin Amurka ta soke sassan batsar saboda sun saɓa wa ƴancin faɗar albarkacin baki. Sashe na 230, wanda ba a damu da shi ba, shi ya rage.

Kotuna kuma suka faɗaɗa shi. Bayan harin bom na birnin Oklahoma a 1995, wani ya riƙa tallata riguna masu izgili ga mamatan a shafin AOL, ya saka lambar wayar wani bawan Allah a birnin Seattle wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutumin ya sha zagi da barazanar kisa ta waya, ya roƙi AOL sau da dama. Da ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1997 cewa kamfanin ba shi da alhaki, ko da an sanar da shi kuma ya yi jinkiri.

A kan wannan ginshiƙi aka gina Facebook a 2004, YouTube a 2005, da Twitter a 2006. Da a ce sai lauya ya karanta kowane rubutu kafin ya fita, da babu ɗaya daga cikinsu da zai rayu, haka ma Wikipedia. Kuma da yake manyan kamfanonin na Amurka ne, dokar da aka rubuta domin warware rikicin wata kotu a New York ita ta tsara yadda ɗan Kumasi da ɗan Garoua da ɗan Omdurman ke magana da juna a waya. Turai ma ta yi tata a shekarar 2000, amma da sharaɗi: kariyar na faɗuwa da zarar an sanar da kamfani abin da ya saɓa doka kuma ya ƙi cire shi cikin hanzari.

Mai sayar da jarida ya fara zaɓar labari

Masu son a sauya tsarin suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: shafukan yau ba irin na 1996 ba ne. A zauren Prodigy, rubutu na jere ne bisa lokacin da aka yi shi. A TikTok ko YouTube ko Facebook kuwa, lissafin kwamfuta ne ke zaɓa wa kowane mutum abin da zai gani, bisa abin da zai fi riƙe shi a shafin, domin daga daɗewarsa ake samun kuɗin talla. Abin da ke tayar da hankali ko ya fusata mutum yakan fi riƙe shi. Mai sayar da jaridar da ke bin mutum har gida yana tura masa shafin da ya san zai harzuƙa shi, da wuya a ce ba ruwansa da abin da ke ciki.

Abubuwan da suka faru cikin ƴan shekaru kaɗan suka ba wannan hujja nauyi. A 2018 masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna rawar da Facebook ya taka wajen yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya a Myanmar, kuma a watan Nuwamban shekarar kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A watan Yunin wannan shekarar, lokacin rikicin jihar Filato, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga wurin rikicin suke, alhali wani bidiyon a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi shekaru kafin nan. Ƴan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun rura wutar ramuwar gayya.

Sai ranar Juma'a 15 ga Maris ɗin 2019, lokacin da wani ɗan bindiga ya kai hari masallatai biyu a birnin Christchurch na New Zealand, mutum 51 suka rasu, kuma ya watsa kisan kai tsaye a Facebook. Kamfanin ya ce cikin sa'o'i 24 na farko ya cire ko ya tare kwafi miliyan ɗaya da rabi na bidiyon. Adadin ya nuna ƙoƙarin da aka yi, ya kuma nuna cewa abin ya riga ya fi ƙarfin masu shi.

A Amurka kanta, jam'iyyun biyu sun yi tarayya wajen ƙin Sashe na 230, amma saboda dalilai masu karo da juna. Ƴan Democrat na cewa kamfanonin ba sa goge abin da ya kamata, ƴan Republican na cewa suna goge ra'ayin masu ra'ayin riƙau da gangan. Joe Biden ya nemi a soke sashen lokacin yaƙin neman zaɓen 2020. Donald Trump ma ya sanya hannu kan umarnin rage ƙarfinsa a watan Mayun shekarar, kwanaki kaɗan bayan Twitter ya liƙa gargaɗi a kan wasu saƙonninsa. Wannan saɓani shi ya tsare sashen, domin duk gyaran da zai gamsar da ɓangare ɗaya zai ƙara fusata ɗayan. Gyara ɗaya mai girma da aka yi shi ne na 2018, wanda ya janye kariya daga shafukan da ke taimaka wa safarar mutane domin karuwanci. Nan take shafin Craigslist ya rufe sashensa na neman abokan hulɗa gaba ɗaya, maimakon ya zauna tantancewa. Masu kare Sashe na 230 na yawan kawo wannan misali: idan aka ɗora wa kamfani tsoron shari'a, ba ya tsayawa bambance mai laifi da marar laifi, rufe ƙofa yake yi.

Kotun Ƙoli ta sami damar yanke magana a 2023, a ƙararrakin da iyalan waɗanda suka mutu a hare-haren ƙungiyar IS a Paris da Istanbul suka shigar kan Google da Twitter. Alƙalan suka yanke cewa ba a nuna kamfanonin sun taimaka wa harin ba, suka kauce wa taɓa sashen.

Hanyar Turai

Jamus ce ta fara yin gaba. Dokar da ta zartar a 2017 ta tilasta wa shafukan da ke da masu amfani sama da miliyan biyu a ƙasar su cire abin da haramcinsa ya bayyana ƙarara cikin sa'o'i 24 da samun ƙorafi, ko su fuskanci tarar da za ta iya kai euro miliyan 50. Masu suka suka ce an mayar da ma'aikatan kamfani alƙalai, kuma an ba su dalilin goge duk abin da suke shakka a kai. Wata damuwar ita ce gwamnatocin da ba su da kotuna irin na Jamus, ciki har da Rasha, sun riƙa nuna dokar a matsayin hujjar yin tasu.

Tarayyar Turai ta koyi darasi daga wannan. Dokarta ta ayyukan intanet da aka fi sani da DSA, wadda aka amince da ita a 2022 ta kuma fara aiki kan kowa a watan Fabrairun 2024, ba ta ƙirƙiro sabon jerin haramtattun kalamai ba. Abin da ta sa a gaba shi ne tsarin aiki. Dole shafi ya samar da hanyar kai ƙorafi, ya bayyana wa mutum dalilin goge rubutunsa, ya ba shi damar ɗaukaka ƙara. Shafukan da ke da masu amfani sama da miliyan 45 a cikin tarayyar kuwa sai sun riƙa nazarin haɗarin da tsarinsu ke jawowa, su buɗe littattafansu ga masu bincike daga waje, su kuma ba mutum zaɓin ganin abubuwa ba tare da an bi diddigin halayensa ba. Tarar na iya kai kashi 6 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya baki ɗaya. A watan Disamban 2025 aka ci tarar X, wato tsohon Twitter, euro miliyan 120, tara ta farko a ƙarƙashin dokar, lamarin da ya fusata Elon Musk da jami'an gwamnatin Trump, waɗanda ke kallon dokar a matsayin takunkumi kan bakin Amurkawa.

Daga cikin duk hanyoyin da aka gwada, wannan ce ta fi kusa da ba talaka abin riƙewa, domin ita ce ta amince cewa mutum na iya cutuwa ta fuska biyu: a bar ƙage a kansa, ko a goge gaskiyarsa. Rauninta shi ne tana buƙatar hukuma mai ƙwararru da kuɗi da haƙuri, kuma shari'o'inta na ɗaukar shekaru.

Yara, da makullin saƙonni

A Birtaniya, batun yara ne ya tura dokar. Molly Russell, yarinya ƴar shekara 14, ta kashe kanta a 2017, kuma a watan Satumban 2022 jami'in binciken musabbabin mutuwa ya ce abubuwan da ta riƙa gani a intanet, waɗanda wasunsu shafukan ne suka tura mata ba tare da ta nema ba, sun taimaka wajen mutuwarta. Dokar kare masu amfani da intanet ta sami amincewar sarki ranar 26 ga Oktoban 2023. Ta ɗora wa kamfanoni nauyin kula da lafiyar masu amfani da su, ta ba hukumar Ofcom ikon cin tarar fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani, duk wanda ya fi yawa.

Mazauna Birtaniya sun ji dokar a jikinsu daga ranar 25 ga Yulin 2025, lokacin da shafukan batsa da wasu shafukan sada zumunta suka fara neman shaidar shekaru, ta hoton fuska ko katin banki ko takardar shaida. Cikin kwanaki manhajojin VPN, waɗanda ke ɓoye ƙasar da mutum yake, suka hau saman jerin abin da aka fi saukewa, kuma dubban ɗaruruwan mutane suka sanya hannu kan takardar neman a soke dokar. Damuwarsu mai sauƙin fahimta ce: domin a tabbatar yaro bai shiga ba, dole babba ya nuna ko shi wane ne, kuma wani kamfani ne zai karɓi wannan bayanin.

A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa dokar ma ba ta kai ba. A watan Yulin 2024, bayan kisan ƴan mata uku ƙanana a garin Southport, aka yaɗa ƙaryar cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka. Washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa wasu birane. Ƙarya irin wannan, matuƙar ba ta kai matsayin laifi ba, dokar ba ta tilasta wa kamfani cire ta daga idon manya.

Australiya ta zarce kowa: ta haramta wa ƴan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta, dokar da aka zartar a Nuwamban 2024 ta fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025, kuma kamfani ake hukuntawa, ba yaro ko iyayensa ba.

Wurin da gizo ke saƙa shi ne rufaffun saƙonni. A WhatsApp da Signal, saƙo na kulle ne tun daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Dokar Birtaniya ta ba Ofcom ikon umartar a binciki saƙonni domin gano hotunan cin zarafin yara, kuma kamfanonin biyu sun ce gara su bar ƙasar da su karya makullin. Gwamnati ta sassauta da cewa ba za a yi amfani da ikon ba sai fasahar da za ta yi hakan ta samu. Masana tsaron kwamfuta da dama na cewa ƙofar da aka buɗe wa ɗan sanda, ɓarawo ma zai bi ta. Ga mutumin da ke Landan ko Jidda yana tura wa gida hoton fasfo da lambar asusun banki ta WhatsApp, wannan ba gardamar masana kaɗai ba ce.

Inda hannun gwamnati ya fi na kotu tsawo

Kalmar "doka" ɗaya ce, amma abin da take nufi ya danganta da wanda ke riƙe da ita. Ranar 2 ga Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari da ya ambaci yaƙin basasa yana gargaɗin masu kai hare-hare a kudu maso gabashin Najeriya. Kwana biyu bayan haka ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da shafin, yana mai cewa ana amfani da shi wajen yi wa ɗorewar ƙasar zagon ƙasa. Babu wata doka ta majalisa ko umarnin kotu da aka dogara da shi. An ɗage dakatarwar ranar 13 ga Janairun 2022, bayan wata bakwai, inda gwamnati ta ce kamfanin ya amince ya yi rajista a ƙasar, ya naɗa wakili, ya kuma biya haraji. A watan Yulin shekarar kotun ECOWAS ta yanke cewa matakin ya saɓa doka.

Ƙorafin gwamnatin ba shi da rashin tushe gaba ɗaya. Wani ma'aikaci a wata nahiya ne ya yanke hukunci kan maganar zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, kuma babu inda za a ɗaukaka ƙara. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai waɗanda suka biya kuɗin rigimar su ne masu ƙananan sana'o'in da ke talla a shafin da ƴan jarida da sauran jama'a.

Sharaɗin naɗa wakili a cikin ƙasa ya zama ruwan dare. Indiya ta saka shi cikin ƙa'idojinta na 2021. A Brazil, alƙalin Kotun Ƙoli Alexandre de Moraes ya rufe X daga ƙarshen Agusta zuwa 8 ga Oktoban 2024 saboda ya ƙi naɗa wakili da toshe wasu shafuka, har sai da kamfanin ya biya tara ya bi umarni. Gwamnatoci na cewa ba zai yiwu kamfani ya ci riba a ƙasa ba tare da wanda za a miƙa wa sammaci ba. Masu suka na cewa wakilin garkuwa ce da za a iya tsarewa idan kamfani ya ƙi goge abin da gwamnati ba ta so. Kamen da Faransa ta yi wa mai Telegram, Pavel Durov, a watan Agustan 2024 ya nuna cewa ko a Turai an fara ɗora alhakin a kan mutum mai jini a jika.

A ƙasashen da Hausawa ke zaune da yawa, sau da dama ba a tsayawa kan kamfani, layin ake yankewa ko a kama mai rubutu. Kamaru ta katse intanet a yankunanta biyu masu magana da Turancin Ingilishi na kimanin wata uku a farkon 2017. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019. A Sudan, bayan kisan masu zaman dirshan a Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019, sojoji suka rufe intanet sama da wata guda. Wani lauya ya kai ƙara ya yi nasara, sai kamfanin waya ya buɗe layinsa shi kaɗai, tun da da sunansa ya shigar da ƙarar. Nijar ta cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet a 2022, gwamnatin soji ta dawo da shi a 2024. A Kano, wata kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da tara da sharar harabar kotu a watan Nuwamban 2022, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. A Saudiyya kuma an yanke wa Salma al-Shehab, ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Leeds, ɗaurin shekara 34 a 2022 saboda saƙonninta na Twitter, kafin daga baya a rage hukuncin.

Abin da ya raba waɗannan da dokar Turai ba tsananin hukunci kaɗai ba ne. Tambayoyin su ne: an rubuta laifin a fili kafin a aikata shi? Wanda ya yanke hukuncin yana da ƴanci daga wanda aka soka? Akwai wurin ɗaukaka ƙara?

Wa ke karanta Hausa?

Akwai wani gefen muhawarar da ba kasafai ake jin sa a majalisun Washington da Brussels ba. Kowace doka da ta ce a cire kalaman ƙiyayya tana ɗauka cewa akwai wanda zai gane su. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin 100 na abin da kamfanin ya ware domin tantance labaran ƙarya Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba kashi 13. Habaici da zambo da karin magana, waɗanda Bahaushe ke iya kashe mutum da su ba tare da ya ambaci sunansa ba, ba abu ne da na'ura ke kamawa cikin sauƙi ba. Haka kuma tana iya goge wa'azi ko rahoton ɗan jarida saboda wata kalma da ta fahimta a baibai.

Shekaru da dama, wani ɓangare mai yawa na tace abin da ake wallafawa a Facebook cikin harsunan Afirka a Nairobi ake yin sa, ta hannun kamfanin ƴan kwangila na Sama, kuma cikin ma'aikatan har da masu duba rubutun Hausa. Aikinsu shi ne kallon yankan rago da fyaɗe da gawarwaki sa'o'i a jere. Bayan an sallame su a 2023, sama da 180 daga cikinsu suka kai ƙara. Meta ya ce ba shi ya ɗauke su aiki ba kuma kotun Kenya ba ta da hurumi a kansa, amma a watan Satumban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta yanke cewa za a iya yi masa shari'a a can.

A halin da ake ciki hanyoyin sai ƙara rabuwa suke yi. A watan Janairun 2025 Mark Zuckerberg ya sanar da kawo ƙarshen aiki da masu tantance gaskiyar labarai a Amurka, a daidai lokacin da Turai da Birtaniya ke ƙara matsa lamba. A watan Yunin shekarar Kotun Ƙolin Brazil ta rage kariyar da dokar ƙasar ta 2014 ta ba kamfanoni. Sakamakon haka, ƴan'uwa biyu, ɗaya a Manchester ɗaya a Houston, na iya buɗe manhaja ɗaya su tarar da ƙa'idoji daban, kuma na uku a N'Djamena ya tarar ba ta buɗuwa.

Ƙirƙirarriyar basira ta zo da tambayar da masu rubuta Sashe na 230 ba su hango ba. Kariyar ta shafi abin da "wani" ya rubuta. Idan manhaja irin ChatGPT ce da kanta ta ƙaga wa mutum laifin da bai yi ba, babu wani na uku da za a nuna da yatsa. Cox da Wyden, waɗanda suka rubuta sashen shekara 30 da suka wuce, dukansu sun ce a ganinsu kariyar ba ta kai nan ba.